Jan Ganye a Tsakar Gida: Abin da Zai Yi a Ƙasar Minna

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kanada ne ya jawo mini. Wata rana cikin watan Oktoba ya turo mini hoto, yana tsaye a bakin wani titi, bishiyoyi dama da hagu sun yi ja wur kamar an kunna musu wuta, ƙasa ma ta lulluɓe da ganye. A ƙasan hoton ya rubuta, "Kawu, ga irin kayanka." Ya kuwa san lagona. Bishiyar ita ce mefil, wadda ganyenta ke tsakiyar tutar ƙasar Kanada tun 1965, mai yatsu kamar an buɗe tafin hannu.

Ban yi shawara da kowa ba, na sayi irinta ta intanet. Takardar da ta zo da shi ta ce sai an ajiye shi cikin yashi mai danshi a firji wajen wata uku kafin a shuka. Na yi hakan, uwargida tana ta mita. "Malam, wai wannan ledar ƙasar da ka cusa kusa da zoɓona, yaushe za ta fita?" Ga wuta, yau a kawo gobe a ɗauke. Cikin ƙwaya ashirin, uku suka tsiro. Na raine su kamar 'ya'yan fari. Da zafin Maris ya kama, gefen ganyen ya fara ƙonewa yana naɗewa, kafin ruwan farko ya sauka duk sun zama tsinke.

Na kai ƙorafina wurin wani dattijo Bagware mai rainon itatuwa a bakin hanya. Ya daɗe yana kallon hoton a wayata, sannan ya ce, "Alhaji, me ka gani a jikinta? Itacen ko launin?" Na ce launin, da kuma surar ganyen. Ya yi dariya ya ce, "To ai waɗannan muna da su."

Dalilin da ya sa ba ta yi a nan

Mefil dangi ne babba, ya haura iri ɗari, akasarinsu a gabashin Asiya, wasu kuma a Turai da Arewacin Amurka. Wadda masu lambu suka fi ƙauna ita ce 'yar ƙaramar ta Japan. Wadda ake tatsar ruwan zaƙi a jikinta kuwa ta Kanada ce, inda sai an dafe wajen lita 40 na ruwan kafin a sami lita ɗaya ta zumar. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne barci. Kowace shekara sai bishiyar ta zubar da ganye ta kwanta cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba, na sa'o'i ɗaruruwa, sannan idanun rassanta su buɗe su yi toho. In ba ta sami wannan sanyin ba, ba ta farkawa da ƙarfi, a hankali take lalacewa. Jan da muke gani a hoto ma sallamar ganye ce: yini ya gajarta, dare ya yi sanyi, bishiya ta janye koren da ke cikin ganyen, ja da rawaya su bayyana.

Yanzu dubi Minna. Hunturunmu na Disamba da Janairu da muke ƙudundunewa cikin bargo saboda shi, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 15. Yininmu da darenmu kusan kunnen doki suke yi duk shekara. Maris kuma yakan doshi 40, da busasshiyar iska. Ba taki ba ne matsalar, ba kuma ban ruwa ba. Duk wanda ya ce zai sayar maka da dashen mefil da zai yi ja a Tunga ko Bosso, riƙe kuɗinka.

Jar rama

Abin da dattijon nan ya fara nuna mini wani tsiro ne a bayan rumfarsa, tsayinsa ya kai ƙirjina, ganyensa ja mai duhu kamar ruwan zoɓon da ya ji haɗi, kowane ganye da yatsunsa. Na ajiye wayata kusa da shi, sai da na sake dubawa. 'Yar'uwar rama da yakuwa ce, ni jar rama nake ce mata. Sunanta na kimiyya Hibiscus acetosella, in kana so ka nemo hotonta ka nuna wa masu fulawa, don ba kowa ne zai gane ta da suna ba. 'Yar Afirka ce, masanin tsirrai Friedrich Welwitsch ya tsinto ta a Angola a ƙarni na 19, kuma a can da Kwango da Kamaru miya ake yi da ita. Abin dariyar, a Amurka ana sayar da ita ga mutanen jihohi masu zafi a matsayin madadin mefil ta Japan. Mu da take tamu muna can muna leƙen ta wasu.

Ba ta da wuyar sha'ani. Ka yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, ka tsige ganyen ƙasa ka bar biyu ko uku a sama, ka soka rabinsa cikin ƙasa mai danshi a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku zai yi saiwa. Daga nan ka mayar da shi inda rana ke bugu sosai, domin a inuwa jan yakan dusashe ya koma wani kore-kore marar fasali, tsiron kuma ya zanƙale yana neman haske.

Sirrinta ɗaya ne, tsinke kai. In ka bar ta, sanda ɗaya za ta miƙe har ta fi ka tsayi, iskar hadari ta zo ta kwantar da ita. Da ta kai gwiwa, sa farce ka tsinke kan. Rassa biyu ko uku za su fito. Su ma in sun yi taƙi guda ka tsinke nasu. Sau uku ko huɗu a damina ɗaya, za ka ga ta yi dumɓu kamar kwando. In kuwa surar 'yar bishiya kake so, irin wadda ake gani a lambunan Japan, zaɓi sanda ɗaya mai ƙarfi, ka ɗaure ta a turke, ka riƙa cire rassan ƙasa har ta kai ƙugu, sai ka fara tsinke kai daga nan. A babbar tukunya ko randar da ta tsage tana yin kyau ƙwarai, abin da zai yi wa mai zaman haya daɗi, don ranar tashi da kayansa zai tafi.

Aibinta, ba ta da tsawon rai. Da kaka ta yi za ta fara fure, daga nan ƙarfinta ya ragu, bayan shekara biyu ko uku ta rame ta yi kwarkwar. Kada ka jira. Kowace damina ka soka sababbin rassa, kafin uwar ta gaji 'ya'yan sun tasa. Ganyen yana da tsami irin na yakuwa, ana iya jefa kaɗan a miya ko kwaɗo, ban da yawa.

Akwai wasu masu jan ganye mai yatsu da za ka gani a kango da bakin kwata, wato jan bini-da-zugu da jar zurma. Kyau kam suna da shi, amma 'ya'yansu guba ne. Gidan da ke da yara ƙanana, a bar su can waje.

In bishiya sosai kake so

Jar rama ba ta ba da inuwa. Wanda ke son abin da zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa kuma ya ga jan ganye, ya nemi bishiyar da ake kira furut, wadda yara ke fasa ƙwallonta da dutse su ci gyaɗar ciki. Ita ce ta fi kusa da abin da ke cikin hoton nan: da rani ya shigo, faffaɗan ganyenta yakan rine ya yi ja da ruwan goro kafin ya zube, ba da jimawa ba kuma sabo ya fito. Rassanta hawa-hawa suke fita, a kwance, inuwarta kamar rumfa. Sai dai ka shirya wa shara, ka shirya wa jemagu lokacin 'ya'ya, ka kuma ba ta fili. 'Yar'uwarta mai ƙananan ganye, ambirela, da ta cika harabar ofisoshi da gidajen mai, saurin girma gare ta, amma saiwarta a sama take yawo, ta ɗaga daɓe ta tsaga katanga.

Na fi jin daɗin namu na gida, waɗanda muka raina don mun saba ganinsu a daji. Minjirya, alal misali. Ba a ma wahalar iri: a sari reshe mai kaurin damtse, tsawon mita ɗaya da rabi, a kafa shi farkon damina kamar ana kafa dirka, ya kama. Da rani, lokacin da ta tuɓe ganye tas, sai ta fitar da jan fure kamar garwashi, tsuntsaye masu shan zaƙi su yi ta kai-kawo. Tana da ƙaya, jajayen 'ya'yanta kuma ba na ci ba ne, don haka jikin katanga ta baya ya fi dacewa da ita. Sansami ma da rani yake fure, ruwan hoda, kuma ba ya girman da zai gagari tsakar gida. Gurjiya tana zuba nata jan furen cikin hunturu, amma ita sai mai babban fili da dogon haƙuri. Wanda ya taɓa bin hanyar Bida ko ta Zungeru a ƙarshen rani ya ga yadda tohon maje da na kaɗanya ke fitowa jaja-jaja kafin ya koma kore. Su nasu jan a zuwan ganye suke yi, mefil kuma a tafiyarsa. Kukkuki da ke maƙale a jikin duwatsu kuwa, ɗauki ganyensa ɗaya ka duba, kusan shi ne a tutar Kanada.

Ita kuma fulamboyan, 'yar Madagaska mai jan furen nan da ke rufe bishiya gaba ɗaya wajen Afrilu da Mayu, ba ni da ta cewa a kan kyanta. Amma a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da kake neman inuwa ido rufe, tsirara take tsaye. Ƙwayarta tana da tauri, sai an kankare gefenta ko an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana. A ƙofar gida ta fi, ba a tsakar gida ba.

Wuri da rami

Kafin ka sayi dashe, zagaya gidanka da ido. Ina sokawe, ina rijiya, ina bututun ruwa ya bi, ina wayar wuta ta ratsa ta sama? Babbar bishiya irin furut, ambirela ko fulamboyan, ka ba ta aƙalla mita bakwai daga gini da sokawe. Ƙanana irin minjirya da sansami, mita uku zuwa huɗu sun isa. Ceɗiya da durumi da gamji, duk da daɗin inuwarsu, saiwarsu tana bin danshi har cikin shadda. Waɗannan na dandali ne da ƙofar fada. Ka tuna da maƙwabci kuma. Reshen da ya tsallaka katanga yana zuba masa ganye a kwano ya raba zumuncin da ya fi bishiyar shekaru.

A nan ne ƙasar Minna ke nuna halinta. Garin a kan dutse yake zaune. A wurare da yawa, musamman unguwannin gindin tsauni irin su Dutsen Kura da Maitumbi, ba ka yin nisa da haƙa za ka ji diga ta yi ƙara, ka tarar da marmara ko fa. A sababbin gidaje kuma abin da ke ƙarƙashin ƙafarka jar ƙasar ciko ce da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti, babu abin da tsiro zai ci a ciki.

Haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi. Baƙar ƙasar sama ka tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Da yamma ka cika ramin da ruwa ka tafi. In ka dawo da safe ya tsotse, madalla. In ka tarar da ruwan kwance, ka san tukunya ka haƙa, kuma ruwan Agusta da Satumba zai taru a ciki ya ruɓar da saiwa. Mutane da yawa da ke cewa gara ce ta kashe musu dashe, ruwa ne ya fara kashe shi, gara gawa ta tarar. Maganinsa, ka fasa marmarar da diga ko ƙarfen haƙa har ruwa ya sami hanya. In ta gagara, ƙyale zurfi ka nemi faɗi: ka yi da'irar bulo biyu a kan juna, faɗin mita ɗaya da rabi, ka cika da ƙasa mai kyau, ka dasa a kan tudun.

Haɗin cikon, kwanon sarki biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, wanda in ka damƙa ba wari ba ɗumi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba kuwa, goron gayyata ne ga gara. Ka zuba toka kamar gwangwanin madara biyu ka cakuɗa, ka mayar cikin ramin, ka bar shi mako biyu ya zauna.

Ranar dashe

Ruwan Afrilu mayaudari ne. Yakan sauko sau ɗaya ko biyu, kowa ya ɗauki fatanya, sai ya ɗauke mako uku rana ta gasa abin da aka dasa. Jira damina ta zauna, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya kai Satumba bai dasa ba ya makara, domin ruwa yana ɗaukewa cikin Oktoba, saiwar ba ta kama ƙasa ba rani zai riske ta.

A wurin masu raino kada ka bi tsayi. Idon mai saye kan dogon dashe yake faɗawa, alhali wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta naɗe tana zagaya kanta kamar gammo, ko an dasa shi haka zai ci gaba da shaƙe kansa. Ɗaga ledar ka duba gindinta. In saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ajiye. Ɗauki wanda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, mai kauri a gindi, mai sabon toho. Shekara biyu zai wuce dogon.

Dasa da la'asar sakaliya, ko ranar da gari ya yi lumshi. Tsaga ledar da reza daga gefe, ka zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Na sha tono mataccen dashe in tarar da ledarsa a jikinsa. Wuyan tsiron, wato inda ƙasar leda ta tsaya, ya zo daidai da bakin rami. Binne shi da zurfi yana ruɓar da ɓawo. Ka taka ƙasar da ƙafa a hankali, ka yi mata ɗan gurbi kamar faranti, ka juye bokiti guda. Kafa turke a gefe, ka ɗaure da tsumma sako-sako yadda iska za ta ɗan kaɗa shi, don kaɗawar ce ke sa gindi ƙwari. Waya ko igiyar leda tana cin jiki.

In a waje ka dasa, kada ka kwana ba ka yi masa kariya ba. Akuyar unguwa ba ta san kuɗin da ka kashe ba. Ragar waya, ko bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, tsayin ƙirji. In kuma za ka shimfiɗa intalok a harabar, bar wa kowace bishiya fili mita ɗaya kewaye da gindinta.

Gara da rani

Gara ta fi kai farmaki ga tsiron da ƙishi ya galabaitar, saboda haka rabin maganinta ban ruwa ne. Sauran rabin sa ido: duk safiya ka duba gindin, in ka ga ta fara ɗora jar ƙasarta a jikin ɓawo, kankare, ka barbaɗa toka. Dakakken ƙwallon dogonyaro ko ganyensa da aka jiƙa ya kwana, a tace a zuba a gindi, yana rage ta. In akwai suri a cikin gidan, sai an tone shi an fitar da uwar. Turken ma kada ya zama busasshen icen da za ta fara ci ta ƙarasa da dashen. In abin ya kai ga maganin kanti, bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, kuma ban da kan jar ramar da ake tsinka a yi miya.

Ranin farko shi ne jarrabawar. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, kowane dashe yana son jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako, sau uku in Maris ya tsananta. A juye a hankali ya nutse. Yayyafin kullum da kofi saiwa yake koya wa zama a sama, ranar da ka yi tafiya rana ta dafa ta. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ya san jarka ba wasa ba ce, to ga dabaru biyu. Binne tsohon tulu marar fenti kusa da dashen har wuya, ka riƙa cika shi kana rufe bakinsa saboda sauro. Zai riƙa tsattsafowa daidai inda saiwa take. Ta biyun ta fi sauƙi: mayar da wurin alwalar gidan gindin bishiyar. Buta biyar a yini, ka ninka da yawan mutanen gida. Ruwan wanke shinkafa da na ɗauraye kwanuka ma ya yi, ban da mai garin sabulu da yawa ko mai bilic.

Rufe gindin da ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a wurin masu injin casa a jihar nan, ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu huɗu. Bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, in ba haka ba ka gina wa gara gada. Takin zamani ba dole ba ne. In za ka sa, cikin akwatin ashana ɗaya na NPK ya isa ƙaramin dashe, a zagaye nesa da gindi, cikin damina kawai.

Gyaran rassa kuma tun da wuri, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekara biyun farko ka tabbata kai ɗaya ne ke tafiya sama, in ya rabu biyu cire mai rauni. Rassan ƙasa a riƙa rage su kaɗan-kaɗan har inuwar ta wuce kan mutum. Yanka da zarto ko adda mai kaifi, dab da jiki amma ba a fere ɓawon uwar ba, kuma a ƙarshen rani kafin sabon toho. Furut da ambirela kada a sare musu kai, hawa-hawan nan shi ne adonsu, in aka guntule ba ya dawowa daidai.

Tawa furut ɗin bana shekararta huɗu. A Janairun da ya wuce ta rine, jar ramar da ke jikin katanga ita ma tana tsaye cikin tukwanenta uku. Na sa ƙaramar 'yata ta ɗauke ni hoto a wurin na tura Kanada. Can da dare amsa ta shigo: "Kawu, wannan wace ƙasa ka je ba ka faɗa mana ba?" Uwargida da ke tsaye da tsintsiya ta ce in gaya masa ya zo ya taya ta shara.